Filin Tambayoyinku: Me yasa katun ɗina a Blender yake fitowa kamar ɗan tsanan roba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawanci duk kuka ɗaya ake yi, wato mutum ya ƙera ɗan mutum-mutuminsa a Blender, manhajar ƙera zanen 3D a kwamfuta, yana so ya fito kamar katun ɗin Japan ko irin zanen littafi, amma da ya danna renda, umarnin da ke fitar da hoton ƙarshe, sai abun ya fito yana ƙyalli kamar bokitin roba. Na zaɓo guda biyar, sauran kuma ku yi haƙuri ku duba ciki, wataƙila amsarku na nan.

Tambaya ta 1, daga wani ɗalibi a Zariya: Salam malam, dan Allah inada matsala. Na haɗa wani yaro a Blender inaso yayi kama da katun, na saka kala mai kyau na rage ƙyalli gaba ɗaya amma har yanzu inuwar tana sulalewa a hankali daga haske zuwa duhu kamar hoton gaske, kuma jan da na zaɓa yana fitowa a koɗe kamar tsohuwar atamfa. Meye nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh abu biyu ne suka haɗe maka, kuma dukkansu tushensu ɗaya, ita wannan manhajar an gina ta ne don ta kwaikwayi hasken duniya na gaske, kai kuma abunda kake nema ƙarya ce mai kyau, don haka sai ka bi ta kana kashe mata gaskiyar ɗaya bayan ɗaya.

Bari in ɗan koma baya kaɗan don ka gane me kake kwaikwayo. Katun na da ana zana shi ne akan wata leda mai tauri da ake gani ta ciki, sunanta seluloyid, wani Ba'amurke Earl Hurd ya yi rajistar dabarar tun 1914, ana zana layi ta gaba a shafa fenti ta baya. Mai fentin nan ba shi da lokacin da zai tsaya yana narkar da kala cikin kala a zane dubu-dubu, don haka kwalba biyu yake ɗauka, kalar haske da kalar inuwa, ya raba su da iyaka mai kaifi shikenan. Wannan iyakar ita ce duk abunda idonka yake kira katun.

Yanda zaka samu haka a EEVEE, injin renda mai sauri na cikin Blender (ɗayan injin shi ne Cycles): shiga Shader Editor ka goge Principled BSDF ɗin nan, ka kawo Diffuse BSDF ka barshi fari tas, ka jona shi da nod ɗin Shader to RGB (nod su ne ƙananan akwatunan nan da ake jonawa da juna), shi kuma ka jona shi da Color Ramp, daga nan ka wuce zuwa Emission sai Material Output. Aikin Shader to RGB shi ne ya ɗauki hasken da ya sauka a jikin abun ya mayar da shi kala da zaka iya sarrafawa. To a nan gizo ke saƙar, Color Ramp yana zuwa ne akan Linear, shi ne yake maka wannan sulalewar, ka buɗe ɗan akwatin ka mayar da shi Constant, nan take zaka ga inuwar ta yanke kamar an sa reza. Sai ka ja alama ta biyu hagu da dama, duk inda ka tsayar da ita a nan iyakar zata faɗi, hagu haske ya yi yawa, dama inuwa ta cinye jikin. In kana son mataki uku ka danna alamar ƙari ka saka wata kala a tsakiya, amma ni dai shawarata kar ka wuce uku, daga huɗu zuwa sama abun ya fara komawa gidan jiya.

Ka lura da fitila kuma. Yi amfani da Sun guda ɗaya tal, ka sauke Angle ɗinsa zuwa sifili don gefen inuwar ya yi kaifi, sannan ka je World ka rage Strength sosai ko ka kashe shi, domin wannan ruwan tokan da ke bayan fage shima haske yake zubawa ta ko'ina, yana ture maka iyakar daga inda ka ajiye ta. Mutane da yawa suna shafe awanni suna jan alamar ramp alhali World ne yake musu zagon ƙasa.

Batun jan da ya koɗe kuwa ba laifin kalarka bane. Je Render Properties, can ƙasa akwai Color Management, zaka ga View Transform yana kan AgX in kana kan Blender 4.0 ko sama, ko Filmic in tsohuwa ce tun daga 2.80. Waɗannan biyun an yi su ne don su danne haske mai ƙarfi yanda kyamarar fim ke yi, suna da kyau sosai ga aikin da ake so ya yi kama da gaske, amma ga katun suna shanye maka kala ne kawai, farinka ya zama toka-toka janka ya zama ruwan hoda. Mayar da shi Standard. Wallahi wannan danni ɗaya ya fi duk sauran gyara sauƙi kuma shi aka fi mantawa.

Tambaya ta 2, daga wata 'yar'uwa a Maraɗi: Na bi duk matakan Shader to RGB ya yi kyau a skirin, amma da na canza zuwa Cycles don ance ya fi inganci sai komai ya shafe ya zama kala ɗaya babu inuwa ko kaɗan. Ko kwamfutata ce?

Amsa: Kwamfutarki lafiyarta ƙalau 'yar'uwa. Shader to RGB a EEVEE kaɗai yake aiki, Cycles bai san da zamansa ba. Kuma maganar ance Cycles ya fi inganci, eh gaskiya ne in gilashi ko ruwa ko ɗaki mai hasken taga kike yi, amma a katun duk wannan lissafin na bin haske yana karo da bango yana dawowa shi ne ainihin abunda muke gudu, kinga kenan kina ƙona batir akan abunda zaki zo ki goge.

In dole sai Cycles, akwai Toon BSDF, shi kuma a Cycles kawai yake aiki, kinga an yi raba daidai. Yana da Size da Smooth, Size ke faɗin girman wurin da haske zai kama, Smooth ke tausasa bakin iyakar, ki barshi a sifili ko ɗan ƙanƙani. Akwai zaɓin Diffuse da Glossy a samansa, na farkon don jiki na biyun don ɗigon ƙyalli. Sai ki shiga Light Paths ki sauke Diffuse zuwa sifili, in ba haka ba hasken da ke tashi daga ƙasa zai riƙa shiga cikin inuwar yana ɓata miki ita.

Akwai kuma wata dabara da ke aiki a duka biyun ba tare da fitila ba sam. Ki ɗauko nod ɗin Geometry, ki ja Normal zuwa Vector Math ki sa shi akan Dot Product, a ɗaya ramin ki rubuta lambobi uku da ke nuna ta inda kike so hasken ya zo, ki tura sakamakon cikin Color Ramp mai Constant. Tsaf zai fito, ba rawa ba ɗigo-ɗigo. Illarsa ɗaya, hannu ba zai jefa inuwa akan riga ba, hula ba zata jefa akan goshi ba, tunda babu fitilar gaske a wurin.

Tambaya ta 3, daga wani mai zanen talla a Kano: Oga jiki yayi daidai amma fuskar ce ta hanani barci. Da na juya fitila kaɗan sai inuwa ta fito a gefen hanci da ƙarƙashin ido da kumatu tsaga-tsaga kamar an watsa masa tawada, yarinya 'yar shekara goma ta koma kamar tsohuwa.

Amsa: Hahaha malam sannu, ka iso inda kowa ke isowa. Wannan ita ce tambayar da na fi so a cikin dukansu, don a nan ne ake bambance wanda ya kwafi nod da wanda ya gane abun.

Kowane ɗan fili a jikin abunda ka ƙera yana da wata kibiya da ba a gani, tana nuna inda filin yake kallo, Blender na kiran su Normals. Kwamfuta ba ta duba siffar fuskar kai tsaye in zata yanke haske, waɗannan kibiyoyin take tambaya, wanda ya kalli fitila ya samu haske wanda ya juya baya ya samu inuwa. Fuska kuma cike take da tudu da kwari, ramin ido, gefen hanci, ƙasan leɓe, kowanne kibiyarsa na kallon wani wuri daban. Lokacin da inuwa ke sulalewa ba ka lura, amma da ka sa Constant sai kowane ɗan kwari ya zama tabo. Mai zanen hannu kuwa bai taɓa damuwa da wannan ba, yana raba fuska ne kamar ƙwai, gefe ɗaya haske gefe ɗaya inuwa, sai ɗan ƙaramin alama a hanci.

Maganin shi ne ka yi wa fitilar wayo, ka bar siffar fuskar yanda take amma ka ara mata kibiyoyin wani abu mai santsi. Kawo UV Sphere, ka ja shi ya yi siffar ƙwai daidai girman kan, ya rufe fuskar, ka yi masa Shade Smooth. Koma kan fuskar ka zaɓi ɗigogin fuska kaɗai banda kunne da wuya ka yi musu Vertex Group. Sai ka ɗora Data Transfer, Source ya zama ƙwan nan, ka kunna Face Corner Data ka zaɓi Custom Normals, a Mapping ka gwada Nearest Face Interpolated, ka saka grup ɗinka a wurin Vertex Group. Ɓoye ƙwan daga renda. Yanzu juya fitilarka ka gani, inuwar zata riƙa zagaya fuskar sumul. In kuma ta yi santsi da yawa har hancin ya ɓace, rage Mix Factor zuwa wajen 0.7 ko 0.8 don ɗan asalin siffar ya dawo. In kana kan tsohuwar Blender ta kafin 4.1 sai ka kunna Auto Smooth tukuna ko ba zaka ga komai ya canza ba, daga 4.1 an cire wannan akwatin. Sannan in yarinyar tana da ƙashin motsi, Data Transfer ya zauna a saman Armature a jerin, ko kawai in ka gamsu ka yi Apply ka huta, in ba haka ba da ta juya kai inuwar zata tsaya a baya tana jiranta.

Kuma kar ka ɗauka wannan ha'inci ne na masu ƙaramin ƙarfi. Kamfanin Arc System Works na Japan, da suka fitar da gem ɗin faɗa Guilty Gear Xrd a 2014, mutane da yawa sun rantse zanen hannu ne alhali duk 3D ne. A 2015 ɗaya daga cikin masu aikin, Junya Motomura, ya yi bayani a taron masu haɗa gem na GDC a Amurka, inda ya nuna cewa da hannu suka bi suna gyara kibiyoyin nan musamman a fuska, kuma kowane ɗan wasa yana yawo da fitilarsa ta kansa wadda ba ruwanta da hasken filin. Kai ma zaka iya yin irin wannan da Light Linking, ya shigo Cycles a 4.0 sannan EEVEE a 4.3, ka ware fitila ɗaya ta fuska kaɗai. Ni a ganina duk wanda ke katun da gaske ya kamata ya daina tambayar ina rana take a fagen, ya riƙa tambayar ta ina fuskar nan ta fi kyau, ya kai fitilar can.

Af, har na manta, inuwar da hanci ko gashi ke jefawa akan fuska daban take da wannan, ita ƙwai ba zai gyara ta ba. In tana damunka ka hana gashin jefa inuwa, ka zana inuwar goshin da kanka a cikin fentin fuskar.

Tambaya ta 4, daga wani ɗan'uwa a Kumasi: Duk koyarwar da nake gani fararen fata ake yi. Ni ina haɗa wani dattijo Bahaushe da farar babbar riga da hula, in na sa inuwa fatar tana zama baƙi ƙirin ba a ganin ido da baki, rigar kuma ta zama kamar datti. Sannan yaya ake yin baƙin layin nan na gefe?

Amsa: Madalla da wannan tambaya. Kuskuren shi ne kana barin alamar inuwa akan baƙi ko toka sannan ka ninka ta da kalar fata ta hanyar Multiply, to fata mai duhu in ka ƙara mata baƙi ina zata je? Abunda ya fi shi ne ka bar ramp ɗin baƙi da fari, ka jona shi a Factor na nod ɗin Mix, sannan ka zaɓi kaloli biyu da idonka, ɗaya ta haske ɗaya ta inuwa, kamar dai mai fentin leda na da. Ga fata wankan tarwaɗa ko mai duhu, kalar inuwa ta karkata wajen ja mai duhu ko shunayya, kuma tazarar duhun tsakaninsu kar ta yi yawa, ɗan sauka kaɗan ya isa. Fatarmu da haske ake fito da siffarta fiye da inuwa, ka duba goshin mutum da kumatunsa da tsakar rana ka gani. Don haka ƙara mataki na uku, Glossy BSDF zuwa wani Shader to RGB zuwa ramp mai Constant, ka matse shi ya zama ɗan tabo a goshi da karan hanci, kalarsa ruwan ƙasa mai haske ko ɗan ruwan goro, banda fari fat don zai zama kamar ya shafa man kaɗanya da yawa. In bayan fagen yana da duhu, Layer Weight da ramp zai baka siririn haske a gefen kai wanda zai raba shi da bango.

Farar shadda kuma inuwarta ba toka bace, ka ba ta shuɗi-shuɗi mai haske kamar rigar da aka sa wa bula, nan take zata fito wankakkiya. Aikin wuyan rigar da na hular kar ka ƙera su da tudu, zana su a fenti kawai, in ba haka ba irin matsalar mai tambaya ta uku zata biyo ka har kan ƙirji.

Layi kuwa hanya uku ce. Mafi sauƙi ga kwamfuta ita ce ta juyayyen ɓawo: ƙara material na biyu baƙi na Emission ka kunna masa Backface Culling, ɗora Solidify, ka kunna Flip a ƙarƙashin Normals, Material Offset ya zama 1, Offset ɗin ya tura ɓawon waje, Thickness ɗan kaɗan kamar 0.01 sai ka daidaita da ido. Ka fara yin Ctrl+A ka yi Apply na Scale, in ba haka ba layin zai yi kauri a wani gefe ya sirance a wani. In ka ga dattijon ya yi duhu gaba ɗaya to ɓawon ne ya tare fitila, a tsohon EEVEE ka sa Shadow Mode na baƙin material ɗin akan None, daga 4.2 kuma ka kunna Shadow a ƙarƙashin Backface Culling. Matsalar wannan hanyar ita ce gefe kawai take kamawa da kyau, ninkin babbar riga na ciki ba lallai ta nuna ba. Don su sai Line Art na Grease Pencil da ya shigo a 2.93, yana kama ninki da inda abu ya ratsa abu, zaka iya yi wa layukan da kake so alama da kanka, sai dai yana lissafi ne daga idon kyamara kuma yana nauyi in fagen ya cika, don haka ka yi Bake, wato ka sa ya lissafa layukan ya ajiye su, kafin renda. Ta ukun Freestyle, tsohon hannu ne, layinsa na da kyau amma ba ka ganinsa sai ka yi renda kuma yana da jan ƙafa, ni na daɗe da ajiye shi. Layin fata kuma gwada ruwan ƙasa mai duhu sosai maimakon baƙi, ya fi kwanciya a ido.

Tambaya ta 5, daga wata ɗaliba a Jos: Laftof ɗina ba mai ƙarfi bane kuma wuta sai a hankali. Zan iya yin gajeren fim na minti biyu? Kuma motsin nawa yana santsi da yawa bai yi kama da katun ba duk da kalar tayi.

Amsa: Zaki iya ƙanwata, katun ma shi ne ya fi tausayin ƙaramar kwamfuta tunda babu hayaniyar haske da za a tace, ki rage Samples na renda zuwa 16 ko 32 ki duba, yawanci ya wadatar. Fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya, wanda ya ci Oscar a 2025, da Blender aka yi shi kuma da EEVEE aka yi rendarsa, manhajar nan dai ta kyauta da ke kan laftof ɗinki.

Saboda wuta, kar ki kuskura ki yi renda kai tsaye zuwa bidiyo. Ki fitar da shi hoto-hoto na PNG cikin folda ɗaya, ki cire alamar Overwrite a Output, in an ɗauke wuta a hoto na 900 da kin kunna zai tsallake waɗanda ya gama ya ɗora daga inda ya tsaya. Minti biyu a hoto 24 duk daƙiƙa hoto 2880 kenan, ki lissafa da lokacin hoto ɗaya ki san dare nawa zaki kwana. Daga baya ki haɗa su a Video Sequencer ki sa sauti.

Santsin motsi kuma, masu zanen hannu sau da yawa zane ɗaya suke riƙewa na hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, har fim ɗin Spider-Man na katun na 2018 ya yi amfani da wannan da gangan. Shiga Graph Editor, ki zaɓi layukan motsin, a Modifiers ki ɗora Stepped Interpolation, Step Size ya zama 2, ki kwafa shi kan sauran layukan. Ki kashe Motion Blur. Amma kyamara ki barta tana tafiya sumul a kowane hoto, kuma in kyamarar tana bin mai gudu ne ki cire masa matakin a wannan wurin, in ba haka ba zai riƙa karkarwa a skirin kamar mai zazzaɓi.